Sulallan da Baba Yake Bari a Baya

Abubuwa da yawa sun faru da ni a rayuwa waɗanda yau in aka tambaye ni sai na yi dogon tunani kafin in tuno yadda suka kasance. Amma abin da ya shiga tsakanina da mahaifina a kan wasu sulalla na cikin talabijin, waɗanda ko gishirin miya ba za su saya maka a kasuwa ba, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Duk sanda na tuna sai dariya ta taso mini, kafin ta iso baki kuma idona ya cika da ƙwalla.

A lokacin ina koyarwa a makarantar 'yan mata ta ƙauyenmu, wani ƙauyen Hausawa a yankin Jazira, can gabas cikin masu jin Larabci, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota daga garin Hasahisa. Maigidana yana aiki a Jidda, sai shekara-shekara yake leƙo mu, don haka ni da 'ya'yana mata biyu muna zaune a gidan iyayena. A wani zuwa da ya yi ne ya kawo wa yaran wata 'yar na'urar wasa, irin wadda ake jona wa talabijin a cusa mata kaset. Da jarrabawa ta matso sai na ƙwace ta na kai ɗakina, wai don kada ta hana su karatu. Allah ya yafe mini. Ba a yi kwana uku ba na jona ta don in ga abin da ke ɗauke musu hankali, ai kuwa sai ta ɗauke nawa. Malama guda, uwar 'ya'ya, in na dawo daga makaranta ko mayafi ban gama cirewa ba na zube gaban talabijin ina cije leɓe.

Kaset huɗu ne ya haɗo da su, kuma kowane wasa akwai sulalla a cikinsa, rawaya-rawaya suna ƙyalli, sai dai kowanne da irin aikin da suke yi masa. A wani, in ka tara ɗari sai a ƙara maka rai guda, ko ka faɗa rami ka sake tashi. A wani kuma shago ake kai su a sayi takalmin gudu ko garkuwa. Akwai wanda in dabba ta bangaje ka duk abin da ka tara sai ya watse, ka bi kana tsinta kamar wadda farantin gyaɗarta ya kife a kasuwa. Na huɗun shi ya fi shiga raina. Wani ɗan guntun mutum ne mai jaka a baya, yana ratsa ƙasashe bakwai, sulalla suna jere a kan hanyarsa sahu-sahu. Kowane sulai ya taɓa, ya shige jaka ke nan, ba ya sake dawowa, ko an ɗauke wuta kaset ɗin yana riƙe da komai. A can ƙarshe kuma akwai wata ƙatuwar ƙofa a kan tudu, wadda ba ta buɗewa sai an kwashe sulallan ƙasashen nan bakwai kaf, ba a bar ko ɗaya ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da son ganin ƙarshen abu. Ƙofar nan ta tsaya mini a rai.

Ina cikin ƙasa ta biyu ciwon Baba ya zo. Baba manomi ne, yana da hawasha, wato gonar da aka yanka masa a cikin noman rani na Jazira, yana shuka dawa da gyaɗa da auduga. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a gida ba. Wata safiya ya je sakar wa gona ruwa, sai maƙwabcin gonarsa ya tsince shi a bakin hanyar ruwa, ɓarinsa na dama ya saki. Muka yi mako biyu a asibiti a Hasahisa. Ƙafa ta dawo a hankali, magana ma ta dawo ko da yake harshen ya yi nauyi, amma hannun dama ya ƙi. Yatsun suka lanƙwashe cikin tafin hannu suka yi zamansu.

Ranar da za a sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce mini hannun nan yana da 'yan watanni ne kawai. In an motsa shi kullum, akwai fatan ya farfaɗo. In an bar shi, haka zai bushe, kuma babu maganin da zai sake buɗe shi. Ya ba mu wata 'yar ƙwallon roba ya ce Baba ya riƙa matsawa. Muna isa gida Baba ya karɓe ta da hagu, ya jujjuya ta, ya cilla ta bayan katanga. Ya ce shi ba jinjiri ba ne.

Wanda bai san Baba ba zai ce taurin kai ne kawai, amma ni na san kunya ce take cinsa. Dattijon da ya yi shekara saba'in yana ci da dama, yana gaisawa da dama, yau a ce ya miƙa wa baƙo hagu, ko ya sa hagu a akushi a gaban mutane? Sai ya daina fita cin abinci da maza a ƙofar gida. Inna ce take ba shi a baki a cikin ɗaki, an saki labule. In masu dubiya suka zo sai ya ja mayafi ya rufe hannun, ya yi kamar barci ya ɗauke shi. Sauran yini kuma yana kwance a kan angareb, gadonmu na igiya, a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, fuskarsa na kallon bango. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira masa sunan likita, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Kwanaki suna tafiya, ni kuma ina ƙirga su a zuci.

Wata rana da azahar zafi ya hana zaman ɗaki, sai na jawo waya na fito da talabijin rumfa. Na rage sauti na kunna wasana, a zatona barci yake yi. Ina cikin tsalle-tsalle sai na ji murya a bayana.

"Wanga ɗan tsugul, ina za shi da wanga sauri?"

Na waiwaya, ashe ya juyo ya tokare kai da hagu yana kallo. Na ce masa gurush yake tsinta, Baba, wato kuɗi. Ya ce, "Gonar wa?" Na ce ba ta kowa ba ce. Ya yi tsaki ya ce babu gonar da ba ta kowa ba. Ban san abin da ya ba ni dabara ba, sai kawai na tashi na ɗora masa madannin a cinya. Abin hannu biyu yake so: babban yatsan hagu shi ke tafiyar da ɗan mutumin, na dama kuma shi ke sa shi tsalle. Na buɗe masa yatsun nan da ƙyar na kwantar da babban a kan maɓallin. Ya yi ta kallon yatsan kamar yana yi masa magana, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Na fara cewa a bari sai gobe, sai ga ɗan mutumin ya yi sama ya dawo. Baba ya buɗe baki ya yi dariya, karkatacciyar dariya ta ɓari guda, irin wadda rabonmu da ji tun kafin asibiti. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu tana tambayar lafiya.

A ranar na goge ɗan abin da na fara, na buɗe masa wasan sabo fil, na bar masa shi. Babbar 'yata ta koya wa Inna yadda ake kunnawa. Kullum da safe in mun tafi makaranta, an sha shayi, in dai akwai wuta, Baba yana kan aikinsa. Shi bai taɓa kiransa wasa ba. Ƙasashen nan hawasha yake ce musu, ta farko, ta biyu, har ta bakwai. In na dawo sai ya ba ni rahoto da gaske, ya ce yau ya gama da ta uku amma akwai wani rami a gabas da ya cinye shi sau goma sha ɗaya. Dattawan unguwa da suka ji labari suka riƙa zuwa suna tsokanarsa, wai tsufa ya mai da shi yaro, ko a jikinsa. A cikin wata uku ya ratsa bakwai ɗin duka, babban yatsan ya saki, manuni ma ya fara miƙewa.

To, a nan ne na yi wautar da nake ba ku labari. Da yamma in ya kwanta hutawa nakan leƙa in ga inda ya kai. Sai na lura da wani abu: babu sahun da ya kwashe duka. Kowane layi na sulalla, in ya kai ƙarshe, sai ka ga biyu ko uku a tsaye suna ƙyalli. Haka a hawasha ta farko, haka a ta bakwai. Na ce a raina hannun nan har yanzu yana kuskure, yana kaiwa ƙarshen layi ƙarfinsa yake ƙarewa. Kuma na lura kullum kafin ya shiga sabon wuri sai ya koma tsofaffin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na ɗauka ƙoƙarin ɗauko su yake yi yana kasawa. Tausayinsa ya kama ni. Ban tambaye shi ba, don ina ganin tambayar za ta tona masa asiri.

Wannan ita ce rabin gaskiyar. Ɗaya rabin kuma, wadda na daɗe ban faɗa wa kowa ba, ita ce ƙofar nan. Saura 'yan sulallan nan kawai ta buɗe, ni kuma kullum ina ganinta a rufe. Sai na haɗa tausayi da kwaɗayi na ba su suna taimako.

Ranar wata Jumma'a maƙwabta suka ɗora shi a keken jaki suka tafi da shi masallaci, fitarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta. Suna ba da baya na zauna. Hannuna lafiyayye, ga iyawa, kafin a sauko daga masallaci na share hawasha bakwai tas, ban bar ko ɗaya ba. Ƙofar ta buɗe. Kun san abin da ke ciki? Wasu 'yan tartsatsi masu launi, da ɗan kiɗa, da rubutun Turanci da ya wuce sama, ko minti guda abin bai yi ba. Duk da haka na ji kaina ya yi girma, na ƙosa ya dawo in yi masa albishir.

Bayan la'asar ya ce a kunna masa. Fuskarsa a sake, ya ga mutane, ya ji huɗuba. Ya shiga hawasha ta farko, ɗan mutumin ya yi ta tafiya a fili fetal, babu abin da ke ƙyalli. Ya shiga ta biyu. Ya shiga ta uku. Ina tsaye a bayansa ina murmushi kamar wadda ta yi abin kirki.

"Wa ya shiga gonakin ga?" Bai waiwayo ba.

"Ni ce, Baba. Na ga sun gagare ka, shi ne na ƙarasa maka. Har ƙofar ta buɗe, bari in nuna maka."

Ya daɗe yana kallon talabijin. Sannan ya sa hagu ya zare madannin daga hannun dama, ya ajiye a ƙasa a hankali. Ya ce, "Kwayyis, ya yi kyau. An gode." Ya kwanta ya juya wa duniya baya.

Washegari bai ce a kunna ba. Jibi ma haka. Na sa masa sauran kaset ɗin, na ce ga mai shago, ga mai ƙarin rai, ya ce ba ya so. Kwana tara ana haka. A na taran na ga manunin da ya fara miƙewa ya soma komawa mazauninsa, hankalina ya tashi. Ni kuma in tsoro ya kama ni, faɗa yake zama a bakina. Na tsaya a kansa na ce wannan wace irin rigima ce, mutum ya taimake ka ya zama laifi? Na ce hannunka ne fa zai mutu, ba nawa ba. Har yau in na tuna kalmar nan sai in ji kamar in nutse. Sai ya ja mayafi ya rufe hannun, a gabana, kamar ni ma baƙuwa ce.

Inna ta ji komai. Da na shiga madafa na same ta tana shafa kisra, siririyar wainarmu ta dawa, a kan kasko. Ba ta ɗago ba ta fara wanke ni.

"Ke da kike koya ma ɗiyan mutane karatu, ubanki ɗaya ya gagare ki karantawa? Shekara nawa kina kai mashi abinci gona lokacin girbi? Mi yayyenki ka hwaɗa da shi a kai kullum?"

Na yi tsaye da kofi a hannu. Kala. Duk shekara in ana yankan dawa, Baba ba ya bari a yanke ƙarshen kunya. Zangarniya biyu, uku, sai ya ce a wuce, kuma abin da ya faɗi ƙasa ba a duƙawa a ɗauka. Bayan an kwashe sai mata marasa gona su shigo da buhunansu su tsince, shi ne kala. Yayyena maza sun sha yin gunaguni, suna cewa in aka haɗa abin da Baba ke zubarwa ya isa buhu. Na san wannan tun ina yarinya. Amma ko a mafarki ban taɓa haɗa shi da talabijin ba.

Na ce, "Inna, ai wancan wasa ne. Babu wata mata da za ta shigo ta tsinta."

Ta ɓamɓaro kisra ta ajiye a faifai. Ta ce, "Ni kika tambaya? Ga mai gonar can kwance."

Na dafa masa jabana, kofinmu mai citta, na kai rumfa na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ce Baba na yi kuskure, a yafe mini. Na ce na zaci hannun ne yake kasa ɗauka. Sai ya juyo. Maganarsa a hankali take fita saboda nauyin harshe, ni kuma ban katse shi ba.

Ya ce shekararsa shida mahaifinsa ya rasu, a kan hanyarsu ta zuwa gabas, aka bar mahaifiyarsa da su uku a ƙasar da ba su da kowa, ba ta jin Larabci ko kalma guda. Da kala ta raine su. Tana gaba da ƙanwarsa a goye, shi yana biye da ƙwarya. Ya ce akwai masu gonar da in sun gama sai ka rantse an yi shara, su yini ba su cika tafin hannu ba. Akwai kuma wani tsoho da bai taɓa yi musu magana ba, bai ma taɓa kallon inda suke ba, amma a gonarsa kowace kunya akwai zangarniya a tsaye a ƙarshenta, cikakkiya, ba wadda tsuntsu ya ci ba. Yana yaro ya ɗauka tsohon ba ya gani sosai. Sai da ya girma ya kama wuƙar girbi da kansa ya gane.

Na ce, "Amma Baba, a cikin akwatin nan babu kowa."

Ya harare ni da idon nan nasa. "Ɗiyata, jiki na ya shanye, ba hankali ba. Na san babu kowa." Ya ɗago hannun daman da hagu ya ɗora a ƙirji. "Wanga hannu ya mance komi, sabo na. Awa jinjiri ni ka koya mashi. In ya tashi da kwashe dut abin da ya gani, mi za ni yi da shi? Gara shi zamna yadda shike."

Sannan ya faɗi abin da ya ƙarasa kashe mini jiki. Ya ce ɗauka ai ba wuya, ko ka rufe ido ka bi layi za su shige jaka. Tsallakewa ita ce aiki. Sai ka tashi daidai, ka sauka daidai, in ka yi gaggawa ko ka makara ka taɓa su. Ya ce ukun farko da ya bari a hawasha ta ɗaya, kwana huɗu ya yi yana faɗawa rami da gangan don kada ya taɓa su, yana sake layin kafin yatsan ya yi masa biyayya. Shi ya sa kullum da safe yake komawa ya gan su. In ya gan su a tsaye, sai ya san hannun ya fara jin maganarsa.

Ashe abin da na kalla na ce rauni ne, shi ne lafiyar da muke ta roƙon Allah. Wata uku yana jera shaidar warkewarsa, ni kuma na share ta tsakanin azahar da saukowa daga masallaci. Na kifa kai a bakin gadon na yi kuka sosai, irin na yara, har da shessheƙa. Bai ce in yi shiru ba. Can na ji wani abu mai nauyi ya sauka a kaina, yatsu a lanƙwashe. Da hagu ya ɗauko shi ya ɗora, amma na dama ne.

Yafiya dai na samu, amma wasa bai ce a kunna ba, kuma maganar likita tana nan. Washegari da na dawo daga makaranta na fito da talabijin, na shiga wurin gogewa. Abin ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata. Na danna. Ƙofa ta rufe, jaka ta koma wayam, hawasha ta farko ta cika da sulalla sahu-sahu kamar ba a taɓa shiga ba. Na ce, "Baba, an yi sabuwar shuka." Ya ce ya ji, bai juyo ba.

Ban roƙe shi ba, don na fara koyon hankali. Na zauna na ce bari in gwada abin nan da kaina, in bar uku a ƙarshen layi. Jama'a, ni da yatsuna goma lafiyayyu, ni da na buɗe ƙofa. Na zo ƙarshen layin farko na yi tsalle, na sauka a kansu, suka shige jaka da ɗan ƙaran nan nasu. Layi na biyu na tashi da wuri, na kwashe biyu da ƙafa. Na uku hannuna ma bai tsaya shawara da ni ba, ya saba, ya share su kafin in tuna. Na goge na sake. Na kuma gogewa na sake. Zuciya ta fara ɗibata, ina tsaki ina zagin ɗan mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Duk ƙaran da sulai ya yi, sai in ji gadon igiya ya motsa a bayana. A karo na biyar na ji an ce, "Kin makara." A na shida aka ce, "La ilaha illallahu. Ba nan a ka tashi ba, tun daga bakin dutcen can." A na bakwai, da na sake afka musu, sai Baba ya tashi zaune gaba ɗaya.

"Ke wace irin hwara ta? Za ki cinye gonar mutane! Miƙo nan."

Na miƙa masa. Ya kwantar da yatsan da kansa. Kwana goman nan sun ci shi, ya faɗa rami sau uku kafin ya kai ƙarshen layi. Da ya kai, ya ja numfashi, ɗan mutumin ya tashi, ya wuce ta saman sulalla uku, ya dira a bayansu. Suna nan a tsaye. Baba ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Kin gani, malama?" Inna tana bakin madafa tana share ido da gefen mayafi, wai hayaƙi ne.

Hannun bai koma yadda yake a da ba, kada in yi muku ƙarya. 'Yan yatsu biyu na ƙarshe haka suka zauna a lanƙwashe har ya bar duniya bayan shekara shida, Allah ya jiƙansa. Amma kafin a yanke dawar shekarar, wata rana da yamma ya ce wa Inna a fitar masa da akushinsa ƙofar gida. Ya zauna cikin dattawa, ya miƙa wa kowa dama suka gaisa, ya yi bisimilla ya sa ta a cikin tuwo. Ina leƙe ta bayan ƙyaure, loma tana zubewa rabi kafin ta kai baki, kuma babu wanda ya nuna ya gani.

Abin da na koya a wurin dattijon nan ya fi duk abin da na karanta a kwalejin malamai. Na koyi cewa ba duk abin da mutum ya bari ne ya gagare shi ba, wani da gangan ya bari, kuma barin ya fi ɗaukar wuya. Na kuma koyi cewa taimakon da ba a tambayi mai shi ba yana iya zama ɓarna, komai kyan niyya, balle in akwai ɗan son rai a ƙarƙashinsa. Tun daga lokacin, in na ga giɓi a aikin wani, ko ɗaliba ce ko 'yata ko maƙwabciya, hannuna yakan yi ƙaiƙayi in cike mata, don hali ba ya mutuwa. Sai in riƙe shi, in fara tambaya tukuna: wannan kasawa kika yi, ko bari kika yi?